Labari Yana Hawa, Amsa Ba Ta Saukowa: Sadarwar Masu Aikin Haɗari a Arewacin Kamaru

A farkon shekarar 2012, da rani ya kama, ciyawa ta bushe, rafuka suka janye, wasu mahaya ɗauke da bindigogin yaƙi suka shigo gandun dajin Buba Njidda, a gabashin jihar Arewa ta Kamaru, dab da iyakar Chadi. Akasarin masu bincike sun tafi a kan cewa daga Sudan suka taso, suka keto ta Chadi. Giwaye suka zo kashewa, kuma ba su yi a ɓoye ba. Makonni suka shafe a dajin suna harbi, suna sare haure, suna barin gawa ga ungulu. Ƙididdigar ta bambanta, wasu sun ce sama da giwa 200, wasu sun kai ta fiye da 600. Sai a watan Maris aka tura sojojin rundunar kai ɗaukin gaggawa ta BIR, a lokacin aikin gama ya riga ya gama.

Ba za a ce ba a sani ba. Ayarin dawaki ba ya ratsa ƙasar Rai Buba, inda dajin yake, ba tare da manomi ya hango shi, ko makiyayi ya tsallake sawunsa ba. Masu gadin dajin, 'yan ƙalilan da tsofaffin bindigogi a hannu, suna jin ƙarar harbi. Ƙungiyoyin kare namun daji sun yi ta kururuwa tun a watan Fabrairu, har maganar ta kai jaridun Turai. Akwai kuma ɓangaren da ba a son faɗa: rahotannin lokacin sun nuna cewa a wasu ƙauyuka mutane ba su ga dalilin kai ƙara ba, domin giwayen nan su ne ke tattake musu gonaki, ga shi kuma maharban suna bar musu nama. Wanda ya faɗa ba a amsa masa da wuri ba, wanda ya yi shiru kuma yana da hujjarsa.

Tun daga wannan shekarar yankin bai huta ba, kuma mutanen da ke aiki a bakin haɗari, cikin ƙananan ƙungiyoyi, nesa da shugabanninsu, sai ƙaruwa suke yi. Akwai masu gadin daji a Waza da Faro da Binuwai, 'yan banga a gindin duwatsun Mandara, sojoji a ƙananan sansanoni a gaɓar tafkin Chadi, masu allurar rigakafi da ke bi gida-gida, direbobin kayan agaji, da ma'aikatan madatsar ruwa. Duk sa'ad da abu ya ɓaci, abin da ake fara nema shi ne ƙarin kayan aiki: a sayo wayoyi, a kafa turaku, a kawo jirage marasa matuƙi. Ana buƙatarsu, ban musa ba. Amma idan aka bi abubuwan da suka faru ɗaya bayan ɗaya, da wuya a samu inda labarin ya rasa wanda ya gan shi tun farko. Inda yake mutuwa shi ne a hanya. A wurina saƙo bai cika ba sai amsarsa ta dawo hannun wanda ya aika, a lokacin da za ta yi masa amfani, kuma ba tare da ta jawo masa asarar ransa ba.

Sai an dubi ƙasar kafin a gane nauyin maganar. Garwa tana bakin kogin Binuwai, ita ce hedkwatar jihar Arewa, kuma tun zamanin Jamusawa, waɗanda suka kama ta a 1901, ita ce wurin da mulki ke zama ya dubi sauran arewa. A nan kamfanin auduga na Sodecoton yake da babban ofishinsa, a nan sansanin sojin sama yake, inda a 2015 Amurka ta girke sojoji kimanin 300 da jiragen leƙen asiri. Daga Garwa zuwa Yawunde, inda ake yanke manyan shawarwari, tafiyar sama da kilomita 1,000 ce a mota. Daga Garwa zuwa arewa kuma sai an wuce Marwa, a kai Mora, sannan a kama hanyar Waza da Dabanga zuwa Kusuri, hanyar da damina kan mayar da ita taɓo. A kan wannan hanyar ne aka sace iyalin Faransawa bakwai a watan Fabrairun 2013, kuma ma'aikata goma 'yan ƙasar Sin da aka kwashe a Waza a watan Mayun 2014 gyaranta suka zo yi.

Ƙasar ba baƙuwar tsarin aika saƙo ba ce. Tun zamanin Modibbo Adama, lamidon Garwa da takwarorinsa suna da hanyar da labari ke bi: daga jauron ƙauye zuwa lawan, daga lawan zuwa fada, daga fada zuwa Yola. A ƙasar Mandara da ta Barebari bulama ne matakin farko. Wannan tsani yana nan har yau, kuma jami'an gwamnati a kansa suke taka ƙafa. Shi kansa Ahmadu Ahidjo, ɗan Garwa, shugaban Kamaru na farko, aikin da ya fara yi a gwamnatin mulkin mallaka shi ne na mai sarrafa rediyon aika saƙonni a ma'aikatar gidan waya. Abin da tsohon tsarin yake da shi, wanda sabon ya kan rasa, shi ne kowa ya san fuskar wanda ya ba shi labari da fuskar wanda zai kai wa.

Batun kayan aiki ba shi da wuyar fahimta. Wayar salula tana buƙatar turke a kusa, turken yana buƙatar wuta ko man dizal da wanda zai kai man, wayar kanta tana buƙatar caji da kuɗin kira. Kowanne daga cikin waɗannan yakan yanke. MTN da Orange da Camtel sun mamaye garuruwa da manyan hanyoyi, amma da an nutsa daji ko an shiga kwarin dutse sai rezo ta ɗauke, mutum ya hau tudu ko bishiya yana ɗaga waya sama. Wutar arewa duka ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo, don haka shekarar da ruwa ya yi ƙasa a tafkin, cajin waya ma sai an biya mai janareta ko mai farantin sola. Wayar oba-oba ba ta buƙatar kamfani, sai dai muryarta a miƙe take tafiya, tudu ɗaya ya isa ya tare ta, sai an kafa na'urar maimaitawa a kan dutse, wadda ita ma sai an yi gadinta. Kuma duk wanda ke da irinta zai iya saurare idan ba a kulle maganar ba. Wayar tauraron ɗan'adam irin ta Thuraya tana aiki ko'ina, amma tana da tsada, kuma a yankin da ake yaƙi ganinta a hannun farar hula kaɗai ya isa ya jawo masa tuhuma.

Mutanen Najeriya sun ɗanɗana ɗaya gefen wannan magana. A 2012 Boko Haram ta yi ta ƙona turakun sadarwa a arewa maso gabas. A watan Mayun 2013 kuma, bayan dokar ta-ɓaci, sojoji da kansu suka rufe layuka a Borno da Yobe da Adamawa, suka biyo da haramta Thuraya a Borno. Manufar ita ce a raba maharan da juna. Amma rufewar ba ta tantance mai laifi da mai neman ceto, don haka malamin makaranta da ya ga baƙi a bayan gari shi ma ba shi da yadda zai kira kowa. Mutanen Gamboru Ngala sun daɗe suna rayuwa da layukan Kamaru da ke tsallako kogi daga Fotokol. Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato sun sake gwada wannan magani a 2021, mutanensu kuma sun san abin da suka gani.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne wurin 'yan banga. Bayan da Shugaba Paul Biya ya ayyana yaƙi da Boko Haram a taron Paris na watan Mayun 2014, kuma bayan harin Kolofata na watan Yulin wannan shekarar, inda aka sace matar mataimakin firayim minista Amadou Ali, hukumomin jihar Arewa Mai Nisa suka rungumi kwamitocin sa ido na ƙauyuka, suka yi musu rajista a ƙarƙashin jami'an mulki na gundumomi da sarakuna. Dubban mutane ne, manoma da 'yan acaɓa da ƙananan 'yan kasuwa, a Kolofata da Amchide da Kerawa da Limani da Fotokol da ƙauyukan Mayo Tsanaga. Makamansu kwari da baka, da adda, da bindigar toka, da tocila da usur. Amma makaminsu na gaskiya shi ne ido da waya. Su ne suka san wane ne ɗan gari, wace yarinya ce ba a taɓa gani a kasuwa ba, wace hanya ce aka taɓa ƙasarta da dare. A shekarun da 'yan ƙunar baƙin wake suka addabi yankin, tun daga hare-haren Marwa na watan Yulin 2015, sau da yawa su ne suka tare masu ɗauke da bam kafin su kai kasuwa ko masallaci, kuma da dama daga cikinsu a nan suka rasu.

To, a bi saƙo ɗaya a ga hanyarsa. A ce wata mata ta je itace a gindin dutse, ta hango mutanen da ba ta yarda da su ba. Ta dawo ta faɗa wa ɗanta da harshen Mafa. Shi ya faɗa wa shugaban 'yan banga da Fulatanci. Shugaban ba shi da kuɗi a waya, sai ya yi filashin, ya zauna jiran a kira shi. Wanda zai kira shi soja ne da aka turo daga kudu, Faransanci yake ji, bai san sunayen rafuka da tsaunukan wurin ba, wurin da 'yan gari ke kira da suna ɗaya a taswirarsa wani suna ne daban, ko ma babu shi. A kowace gaɓa wani abu yana zubewa. Matar ta ce suna da yawa, ɗanta ya ce sun kai ashirin, rahoton da ya isa Mora ya ce an ga motsin da ba a tabbatar ba. Ta ga lokacin da rana ta karkata, rahoton bai faɗi lokaci ba. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma abin da ya isa teburin mai yanke hukunci bai isa ya sa shi ya fitar da mota ba. A jihar da ake magana da Fulatanci da Kanuri da Larabcin Shuwa da Mandara da Kotoko da Musgum da Hausa da wasu harsuna da dama, ɗaukar tafinta ɗan wurin a kowane sansani ya kamata ya zo kafin sayen kowace na'ura.

A ce kuma saƙon ya isa lafiya. Shi mai sansanin yana da izinin fita da dare? Yana da mai a mota? Yana tsoron nakiyar da ake binnewa a hanya, ko kwanton ɓaunar da ake shiryawa daidai don masu kawo ɗauki? Waɗannan dalilai ne na gaske, ba zan raina su ba. Amma ƙauyen ba ya jin ko ɗaya daga cikinsu. Abin da ya sani shi ne ya kira, ba a zo ba, ba a kuma ce masa komai ba. Kamar mai jefa guga ne a rijiya, ya ja igiya ya ji ta sake. Sau biyu ko uku aka yi masa haka, ba zai ƙara kashe kuɗinsa ba, zai kwashi iyalinsa su kwana a dutse. Da za a ce masa, mun ji, ba za mu iya zuwa ba sai asuba, ku fice ta hanyar kudu, wannan ma amsa ce, kuma tana ceton rai. Ban ga dalilin da zai sa a yi wa mutumin da ya sa wuyansa rowar wannan 'yar magana ba.

Wuyansa kuwa ya sa da gaske. Boko Haram ta mayar da 'yan banga da bulamai abin farautarta, domin ta san su ne idon soja. Idan rahoto ya bi ta hannu biyar, a cikin biyar ɗin nan wani zai yi suɓul da baka, sunan mai rahoton ya koma daji. A ɗaya gefen kuma, rashin kai rahoto laifi ne da kotun soja ke hukuntawa. Masu sauraron rediyo ba su manta da Ahmed Abba ba, wakilin sashen Hausa na RFI, wanda aka kama a Marwa ranar 30 ga Yulin 2015, aka yanke masa shekara 10 a watan Afrilun 2017, kotun ɗaukaka ƙara ta rage hukuncin zuwa wata 24 kan laifin rashin kai rahoto, aka sake shi a watan Disambar wannan shekarar bayan ya kusa shekara biyu da rabi a tsare. Idan ɗan jarida mai gidan rediyon duniya a bayansa ya ga haka, me talakan Kerawa zai ɗauka? Zai ɗauka cewa lambar baƙo a cikin wayarsa haɗari ce, sanin abu haɗari ne, faɗarsa ma haɗari ne, domin tambayar farko da za a yi masa ita ce ta yaya ya sani. A irin wannan hali mutane sukan koyi rashin gani.

Gaskiya ta wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. Ba kowane rahoton ɗan banga ne gaskiya ba. Ƙungiyar International Crisis Group, a rahotonta na 2017 kan 'yan bangar yankin tafkin Chadi, ta kawo yadda wasu ke amfani da matsayin wajen karɓar na goro, ko ɗora wa abokin gaba tambarin Boko Haram saboda rikicin gona ko bashi ko mace. Amnesty International kuma ta rubuta abin da ke samun waɗanda aka kama, har da azabtarwa a sansanin Salak kusa da Marwa. Don haka jami'in da ke jinkiri yana neman tabbaci ba kullum ne yake sakaci ba. Sai dai ya kamata a raba abu biyu da ake haɗawa. Rahoton da ke cewa ga mahara nan tafe yana buƙatar gaggawa, kuma idan ya zama kuskure asarar mai da barci kawai aka yi. Rahoton da ke cewa wane ɗan Boko Haram ne yana buƙatar shaida ta biyu da ta uku, domin kuskurensa rai ne. Abin baƙin ciki shi ne sau da yawa akan juya su, a yi nawa a na farko, a yi gaggawa a na biyu.

A kudu da nan, a Mayo Rai da Tuboro da jihar Adamawa ta Kamaru, shirun wani iri ne. Masanin tarihi Saibou Issa na jami'ar Marwa ya yi rubutu mai zurfi kan 'yan fashin hanya da ake kira zargina, waɗanda saboda su ne ma aka kafa rundunar da ta zama BIR. Da aika kuɗi ta kamfanoni ya rage tsabar da fatake ke ɗauka a jiki, sai fashin ya koma satar mutane, musamman 'ya'yan Fulani Mbororo. A wannan sana'a waya tana hannun ɓarawo. Da ita yake ciniki, da ita yake gargaɗin cewa idan aka sanar da jandarma za a tsinci gawa. Kuma ya san wanda ya sayar da shanu a kasuwar Adumri da nawa ya karɓa, domin da ɗan gari akan ci gari. Makiyayi ya fi kowa sanin dajin, ya san inda aka kunna wuta jiya, amma shi ne ya fi kowa dalilin yin shiru: idan ya yi magana yana tsoron masu satar, idan ya shiga gandun daji da shanu kuma mai gadi ne ke cin tararsa. Mai gadin da ya tsare masa shanu da safe ba zai samu labari daga bakinsa da yamma ba. A Faro an fara gwada ɗaukar makiyayan kansu su zama masu zagayawa suna magana da 'yan'uwansu kan burtali da wuraren da aka hana kiwo, kuma a ganina wannan ya fi kusa da maganin.

Ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Mora da Kusuri da sansanin 'yan gudun hijira na Minawao, wanda aka buɗe a 2013, suna da wata tarbiyya da ta cancanci a kwaikwaya, kuma ba ta da tsada. Mota ba ta tashi sai an san hanyarta da mutanen cikinta. Direba yana kira a wuraren da aka ƙayyade, a lokutan da aka ƙayyade, ko da babu abin da ya faru. Amfanin haka shi ne shiru ya zama labari: idan lokaci ya wuce ba a ji shi ba, an riga an san wa zai yi me. Wanda aka ba saƙo yana maimaita shi da bakinsa don mai bayarwa ya ji ko an fahimce shi. Matuƙa jiragen sama sun tsananta wannan ƙa'ida bayan 1977, lokacin da jirage biyu suka yi karo a filin jirgin Tenerife, mutum 583 suka mutu, kuma rashin fahimtar magana tsakanin matuƙi da hasumiya na cikin manyan dalilan. Babu abin da zai hana shugaban 'yan banga da mai sansanin soja su yi irin wannan alkawari na kira bayan magariba da bayan asuba, in dai akwai wanda zai ɗauki nauyin kuɗin kiran.

Amma tarbiyyar cikin gida ba ta wadatarwa idan ƙungiya ba ta magana da maƙwabciyarta. Ranar 17 ga Janairun 2017 jirgin yaƙin Najeriya ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann, 'yan kilomitoci daga iyakar Kamaru. Sama da mutum 100 suka mutu, ciki har da ma'aikatan Red Cross shida. Bayanin da hedkwatar tsaro ta bayar daga baya shi ne wurin ba ya cikin taswirar da ake aiki da ita. Dubban mutane suna zaune, ma'aikatan agaji suna rabon abinci, sojojin ƙasa suna garin, amma sanin da ke ƙasa bai isa wurin wanda ke sama ba. Rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen tafkin Chadi, mai hedkwata a Njamena da sashenta na ɗaya a Mora, an kafa ta ne don rage irin wannan rata, sai dai sojoji ne masu harsunan aiki biyu, kowa da shugabanninsa a babban birninsa, kuma a watan Maris na 2025 Nijar ta sanar da ficewarta.

Kamaru ta taɓa gane cewa tsawon tsani yana kashewa. A watan Agustan 2014 ta cire jihar Arewa Mai Nisa daga ƙarƙashin rundunar yanki da ke Garwa, ta kafa sabuwa a Marwa, don mai ba da umarni ya matso kusa da fagen. A Buba Njidda ma, bayan 2012 aka riƙa girke ɗaruruwan sojoji da rani, aka ƙarfafa aiki da gandun Sena Ura na Chadi da ke maƙwabtaka da shi, masu gadi suka fara sintiri da na'urorin da ke rubuta inda suka taka da abin da suka gani. Haɗarin bai tafi ba, domin a watan Fabrairun 2018 an kashe sojoji shida a dajin. Garwa kuma tana da abin da sauran wurare ba su da shi: makarantar horar da jami'an namun daji, wadda tun 1970 take yaye ɗalibai daga ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. Mai kula da gandu a Chadi da takwaransa na Kamaru ko na Afirka ta Tsakiya suna iya zama 'yan aji ɗaya, kuma lambar tsohon abokin karatu takan yi abin da takardar ma'aikata ba ta yi a mako guda.

Wannan ya kawo mu kan ruwa, inda abin ya shafi masu karatu a Najeriya kai tsaye. An gina madatsar Lagdo tsakanin 1977 da 1982, kimanin kilomita 50 daga Garwa, don wutar megawat 72 da noman rani. Idan tafkin ya cika dole a buɗe ƙofofi, in ba haka ba madatsar ce za ta tafi. Madatsar Dasin Hausa da aka tsara a jihar Adamawa ta Najeriya don ta tare ruwan ba a gina ta ba har yau. A 2012 ambaliya ta ci yankin Garwa kanta, a Najeriya kuma hukumar NEMA ta ƙirga mutum 363 da suka mutu da sama da miliyan 2 da suka rasa muhalli. A 2022 mamatan sun haura 600. Ba adalci ba ne a ɗora wa Lagdo duka, domin Mayo Kebbi da Faro suna zuba a Binuwai a ƙasan madatsar, babu ƙofar da ke riƙe su, ga Gongola da Taraba da Katsina Ala a cikin Najeriya. Amma wannan ma ƙarin hujja ce cewa ma'aunin ruwa na gadar Garwa labari ne da Yola ke buƙata kullum da damina, ko an buɗe ƙofa ko ba a buɗe ba.

A dubi hanyar da gargaɗin 2023 ya bi. Ofishin jakadancin Kamaru a Abuja ya rubuta wa ma'aikatar harkokin wajen Najeriya, ita kuma ta rubuta wa NEMA ranar 21 ga Agusta, jama'a suka ji bayan kwanaki da takardar ta bazu a kafafen sada zumunta. Saƙon da ya taso daga bakin Binuwai sai da ya je manyan birane, sannan ya juyo ta jiha da ƙaramar hukuma da hakimi kafin ya isa wurin masunci a Fufore, wanda ruwan ke zuwa masa a miƙe. A 2024 an samu ci gaba: hukumar lura da ruwa ta Najeriya, NIHSA, ta sanar cewa za a fara saki ranar 17 ga Satumba, da kubik mita 100 na ruwa a daƙiƙa, a ƙara a hankali zuwa 1,000 cikin mako guda. Sanarwa ce mai kyau ga injiniya. Mai gonar shinkafa a fadamar Numan kuwa tambayarsa ita ce ruwan zai kai ina, yaushe, ya girbe ɗanye ko ya jira, kuma idan ya tashi wace makaranta aka buɗe masa. Ma'aikacin da ke karanta ma'auni a Garwa da takwaransa na Wuro Boki suna iya magana da Fulatanci ko Hausa ba tare da tafinta ba. Abin da ya rage shi ne gwamnatocin biyu su ba su izini a rubuce su kira juna kai tsaye, su kuma kira gidajen rediyon Garwa da Yola a ranar, takardar jakada ta biyo baya.